Yadda Ake Amfani da Hifnosis Wajen Rage Tsoro da Barin Ɗabi'a

Hifnosis wani hali ne da mutum yake tattara hankalinsa wuri guda har ya daina kula da abin da ke kewaye da shi, jikinsa ya saki, maganar da ake gaya masa ta fi shiga ransa. Ba barci ba ne, ba suma ba ce, ba kuma tsafi ba ne. Yana jin komai, in ya ga dama sai ya buɗe ido ya miƙe. Tun a 1784 kwamitin da sarkin Faransa ya naɗa, har da Benjamin Franklin a ciki, ya binciki aikin Franz Mesmer, likitan da ke da'awar warkarwa da wani ɓoyayyen ƙarfi, ya gano babu wani ɓoyayyen ƙarfi a hannun mai magani, tunanin majinyacin ne ke yin aikin. A shekarun 1840 likitan tiyata James Braid ya nuna a Manchester cewa ƙura wa abu ɗaya ido ma ya wadatar a shiga wannan hali.

Amfaninsa biyu ne: kwantar da jiki, da gwada abu a zuci kafin a yi shi a zahiri. Wanda ya tsaya a nan natsuwa kawai ya samu, tsoronsa na nan daram sai ranar da ya tunkare shi. Ba kowa ke nutsewa da zurfi ba. Gwaji da ma'aunin Jami'ar Stanford na 1959 ya nuna kusan mutum 10 zuwa 15 cikin ɗari ne ke shiga sosai, akasari suna tsaka-tsaki, kuma tsaka-tsakin ya isa.

Mai taɓin hankali irin wanda ke sa jin muryoyi ko ganin abin da babu, kada ya yi. Mai farfaɗiya ya tambayi likitansa tukuna. Tsoron da ya samo asali daga fyaɗe, yaƙi ko mummunan hatsari kuwa aikin ƙwararre ne.

Yadda zaman yake

Ware minti 15 zuwa 20. Zauna a kujera mai jingina, ƙafafu a ƙasa, domin in ka kwanta barci ne zai yi awon gaba da kai. Zaɓi ɗigo ɗaya a bango, sama da saitin idonka kaɗan don fatar idon ta gaji da wuri, ka ƙura masa ido. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, sauke shi kana ƙirga shida. Saukewa mai tsawo ita ke rage bugun zuciya. In idon ya yi nauyi, bar shi ya rufu.

Sai sakin jiki irin wanda Edmund Jacobson ya tsara a shekarun 1920. Dunƙule hannu daƙiƙa 5, sake shi daƙiƙa 15, ka lura da bambancin. Haka za ka bi damtse, kafaɗa, muƙamuƙi, ciki, cinya, har tafin ƙafa. Matsa mai sauƙi ake so, mai yi da ƙarfin tsiya jijiya ke ɗaure masa. Daga nan ka ƙirga daga 10 zuwa 1, kowace lamba tare da saukar numfashi.

Yanzu ne lokacin kalmomin da ka shirya tun kafin ka zauna, jimla ɗaya ko biyu. Su faɗi abin da za ka yi. "Ba zan ji tsoro ba" ba ta da amfani, domin ranka ya san ƙarya ce. Gara ka ce: "In na ga kare, zan tsaya in sauke numfashi sau uku." Maimaita kamar minti 5 kana hango kanka kana yi. In ka gama, ƙirga daga 1 zuwa 5, buɗe ido, ka ɗan zauna kafin ka miƙe saboda jiri.

Tunani zai yi yawo, ka dawo da shi kan numfashi ba tare da faɗa da kanka ba. Wasu kuma da jiki ya fara saki sai fargaba ta taso musu. Irin waɗannan su bar ido a buɗe, su rage zaman zuwa minti 5.

Tsanin tsoro

Nan ne ainihin aikin, kuma likitan ƙwaƙwalwa Joseph Wolpe ne ya shimfiɗa shi a 1958. Rubuta yanayi kamar 10 na abin da kake tsoro, ka ba kowanne maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon tsoron da yake sa ka. Mai tsoron kare zai iya cewa: kallon hoto 10, bidiyon kare yana haushi 25, kare a ɗaure daga nisan mita 20 maki 40, daga mita 5 maki 55, tsayawa gefensa mai shi na riƙe da igiya 70, shafa bayansa 85. In tazarar mataki biyu ta wuce maki 15, cusa wani a tsakani.

Cikin natsuwar, hango mataki na farko daƙiƙa 30, koma kan numfashi, sake hango shi, har makin ya ragu da rabi. Sannan ka je ka yi shi a zahiri cikin makon, da kare mai sanyin hali wanda aka sani. Gumi zai karyo, gwiwa ta yi sanyi. Tsaya har abin ya fara sauka. In ka gudu lokacin da tsoron ya kai ƙololuwa, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka gudun ne ya cece ka, gobe tsoron ya ƙaru. Haka ma rufe ido ko ɓuya bayan wani, duk gudu ne.

Tsoron jini da allura dabam yake, domin shi bugun jini ne ke faɗuwa har mutum ya suma, sakin jiki sai ya ƙara dagula lamarin. Dabarar Lars-Göran Öst ake bi: ɗaure tsokar hannu, ƙirji da ƙafa daƙiƙa 10 zuwa 15 har ka ji ɗumi a fuska, saki daƙiƙa 20 zuwa 30, sau 5.

Ɗabi'a

Ga cizon farce ko tsige gashi, haɗa zaman da hanyar masana halayyar ɗan Adam Azrin da Nunn ta 1973. Yi mako guda kana rubuta lokaci da wurin da hannun ke tashi. Sai ka zaɓi motsin da ba ya haɗuwa da ɗabi'ar, kamar dunƙule hannu a kan cinya na minti ɗaya, ka gwada shi a zuci, ka yi shi da zarar ka ji alamar. Kada ka yi gaggawa. Binciken Phillippa Lally a Landan ya samu matsakaicin kwana 66 kafin sabuwar ɗabi'a ta kama, wasu 18, wasu har 254. Batun sigari kuwa, nazarin 2019 na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, bai samu isasshiyar hujjar cewa hifnosis ya fi sauran hanyoyi ba, don haka kada a ajiye maganin nikotin ko shawarar likita saboda shi.

Akwai wasu hanyoyin ban da hifnosis, amma ba darajarsu ɗaya ba. EMDR, mai amfani da motsin ido, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2013 ga ciwon firgici bayan bala'i. NLP kuwa, mai da'awar sauya tunani da ɗabi'a ta hanyar kalmomi, tallarta ta fi hujjarta yawa.

A ƙasashe da dama, har da Birtaniya, doka ba ta tilasta wa mai sana'ar hifnosis wani horo ba. Nemi wanda dama likita ne ko masanin halayyar ɗan Adam mai rajista. Guji mai alkawarin warkewa a zama ɗaya, da mai cewa zai tono maka abin da ka manta na ƙuruciya, domin hifnosis kan sa mutum ya "tuna" abin da bai faru ba kuma ya rantse a kai. Ku yi yarjejeniya tun farko kan makin da za a riƙa aunawa. In an yi zama kamar 6 makin bai motsa ba, a canza hanya.