Darasi na 7: Yadda Ake Auna Hoton Tallar Wasan Sinuka Kafin a Kai Shi Shago

Wanda ya ƙirƙiri ƙaramin wasan sinuka na waya ko na kwamfuta, shi kaɗai ko da abokan aiki biyu zuwa uku, ba shi da kuɗin talla irin na manyan kamfanoni. Abin da zai tsaya masa a shagon intanet shi ne ɗan hoton nan da ake gani kafin a buɗe shafin wasan. Mai neman wasa yana jan allo da babban yatsa, hotuna suna wucewa, duk wanda bai kama idonsa ba an wuce shi ke nan. Wannan darasi zai koya muku yadda za ku duba hoton da mai zane ya kawo, ku san ko a karɓa ko a mayar masa ya gyara.

Girman da shago yake so

Ana auna hoto da fiksel, wato ƴan ɗigon da suka haɗu suka yi hoton. Google Play yana son tambarin wasa ya zama 512 da 512, a tsarin PNG, kada nauyinsa ya wuce kilobayit 1024. Faffaɗan hoton saman shafi kuwa 1024 da 500. App Store, shagon wayoyin iPhone, yana son tambari 1024 da 1024. A Steam, shagon wasannin kwamfuta, hoton kan shafi 920 da 430 ne, ƙaramin kuma 462 da 174. A itch.io, wani shagon wasanni na intanet, ana so a sa 630 da 500.

Google Play da kansa yake zagaye kusurwoyin tambari ya sa masa inuwa. Saboda haka kada mai zane ya zana tasa inuwar, kuma kada ya ajiye wani abu mai muhimmanci a kusurwa, domin za a yanke shi.

Gwajin ƙanƙantarwa

Wannan shi ne gwajin da ya fi kowane muhimmanci, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Mai zane yana aiki a babban allo, hoton ya cika masa ido, ya ga ya yi kyau. Mai saye ba haka zai gan shi ba. Steam yakan rage ƙaramin hoton nan har zuwa 120 da 45 a wasu jerin, abin da bai fi ɗan yatsa ba.

Ku rage hoton zuwa wannan girma. Ku tura shi a waya mai araha, ba ta mai gidan aikin ba. Ku rage hasken allo, ku fita waje da rana, ku miƙe hannu ku duba. Me ya rage? Idan an zana tebur gaba ɗaya daga sama da ƙwallaye 16 a warwatse, abin da za ku gani koren fili ne da ɗige-ɗige. Ƙwallon sinuka ƙarami ne a kan tebur, shi ya sa cikakken tebur ba ya jure ragewa. Abin da ke jurewa shi ne abu ɗaya babba: farin ƙwallo da kan sanda a bayansa, ko baƙin ƙwallo a bakin rami. Ƙwallaye biyu ko uku sun isa.

Daga nan ku mayar da hoton baƙi da fari, yawancin wayoyi suna da wannan a wajen gyaran hoto. Jan ƙwallo a kan koren ƙyalle yakan ɓace, don duhunsu kusan ɗaya ne. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin akwai maza da yawa da idonsu ba ya rarrabe ja da kore sosai. Baƙin ƙwallo mai lamba 8 a kan bango mai duhu shi ma yakan nutse, sai farin da'irar lambar kaɗai ta rage. Maganinsa a sa siririn haske a gefen ƙwallon, ko a haskaka abin da ke bayansa.

Shin hoton ya san wasan?

A wajenmu duk tebur mai sanda da ƙwallaye sinuka ake ce masa, amma a shago wasanni ne daban-daban, kuma masu buga su suna ganewa da kallo ɗaya. Sinuka ta asali tana da ƙwallaye 22: jajaye 15, masu launi 6, da fari ɗaya, babu lamba a jikinsu. Wasan ful (pool) da ake kira 8-ball yana da ƙwallaye 15 masu lamba da fari ɗaya. Daga 1 zuwa 7 launi ya rufe su duka, daga 9 zuwa 15 zane ne ya ratsa su. Lamba 1 rawaya ce, 2 shuɗiya, 3 ja, 8 baƙa. Idan an jera su a alwatika, 8 tana tsakiya. Teburin yana da ramuka shida. Akwai kuma wasan karom, wanda teburinsa ba shi da rami ko ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zana sanda tana saitin baƙin ƙwallo kai tsaye. Sanda farin ƙwallo kaɗai take bugu. Mai zanen da bai taɓa riƙe sanda ba zai ga hakan ya fi armashi, ɗan wasa kuwa yana gani zai ce masu wasan nan ba su san abin da suke yi ba. Ku duba kuma ko an juya hoton dama zuwa hagu, domin lambobi sukan koma a birkice.

Sai yanayin hoton. Wasan hutu, irin wanda ake bugawa minti biyar a ajiye, yana son launi mai haske da fili. Ɗaki mai duhu da hayaƙi, ko ƙwallo yana ci da wuta, yana nuna gasa mai zafi. Tarin tsabar zinariya yana sa mutum ya zaci caca ce, kuma mutane da yawa daga nan za su kauce. Idan wasanku zane ne mai sauƙi da ake kallo daga sama, kada hoton ya nuna tebur mai kama da na gaske. Wanda ya saya a Steam yana iya karɓar kuɗinsa cikin kwana 14 in bai buga awa 2 ba, kuma kafin ya tafi yakan bar mummunan sharhi.

Rubutu a kan hoto

A hoton Steam dole sunan wasa ya karantu ko a mafi ƙanƙantar girma. A yi amfani da haruffa masu kauri, domin siririn rubutu mai lanƙwasa yana narkewa in an rage shi. Tun 1 ga Satumba 2022 Steam ya hana sa makin sharhi, sunan lambar yabo, ko maganar rangwame a kan waɗannan hotuna. Google Play ma ya hana tambari ya ce wasan ne na ɗaya ko kyauta ne. A tambarin waya gara a bar rubutu gaba ɗaya, tunda sunan yana fitowa a gefensa. Idan sunan wasan da Hausa ne, ku tabbatar salon haruffan yana da ɓ, ɗ da ƙ na kansa, kada su fito da wani salo daban.

Cikin maƙwabta

Ku nemi wasannin ful a shagon, ku ɗauki hoton allon, ku liƙa naku a tsakiya. Za ku ga baƙin ƙwallo mai lamba 8 ya cika wurin, domin kowa yana bin sahun 8 Ball Pool na kamfanin Miniclip. Wanda ya kwaikwaye shi ya ɓace cikin taro, in kamannin sun yi yawa kuma shago yana iya cire wasan. Ku nemi abin da wasanku yake da shi wanda nasu babu: jan ƙyalle ne, tebur mai siffa ta daban, ko wata dabba da ke riƙe sanda? Shi za a sa a gaba.

Play Console, shafin da Google Play ya ware wa masu ƙirƙirar wasa, yana ba da damar gwada hotuna har uku a kan wanda ake da shi. Ku canja abu ɗaya tak a kowane gwaji, ku bar shi aƙalla mako guda, saboda masu shiga ranar aiki sun bambanta da na ƙarshen mako. Sabon wasa ba shi da masu ziyara da yawa, don haka ƙaramin bambanci a sakamako bai isa a yanke hukunci da shi ba.

Aikin aji

Ku kasu biyar-biyar. Mutum ɗaya ya nuna wa sauran hoton a waya, ya ƙirga uku, ya kife wayar. Kowa ya rubuta amsar tambayoyi uku ba tare da shawara da na kusa ba: Wane irin wasa ne? Mene ne sunansa? Na hutu ne ko na gasa? Ku haɗa amsoshin. Idan biyu daga cikin huɗu sun kasa tambayar farko, ku rubuta wa mai zane abu ɗaya da zai cire daga hoton da abu ɗaya da zai ƙara wa girma.