Yadda ake gano bakteriya masu cutarwa a cikin ruwa, daga ɗiban samfur zuwa tantance jinsi

Ba da neman ƙwayar kwalara ko ta taifod ake fara binciken ruwa ba. Waɗannan ƙwayoyi jefi-jefi suke zuwa, kuma 'yan kaɗan, har ana iya tace lita guda ta ruwan da ya kwantar da mutane a rasa su. Tambayar farko ita ce ko kashin mutum ko na dabba ya shiga ruwan. Ƙwayar Escherichia coli (E. coli) ce ke ba da amsa, domin hanji ne mazauninta, tana fita da yawa a cikin kashi, kuma nomanta a ɗakin gwaji ba shi da wuya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. Sai an sami wannan shaida, ko annoba ta ɓarke, sannan a shiga farautar ƙwayoyin cutar ɗaya bayan ɗaya.

Ɗiban samfur

Yawancin sakamakon ƙarya a nan ake haifarsa, tun kafin a isa ɗakin gwaji. A yi amfani da kwalba mai marfi wadda aka turara a tukunyar kashe ƙwayoyi, digiri 121 a ma'aunin Celsius na minti 15. Idan ruwan yana da kulorin, a sa mililita 0.1 na sodiyam tayosalfet mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari a kwalbar mililita 120 kafin a turara ta. In ba a sa ba, kulorin zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya, ruwa mai datti ya fito fes a takarda. A famfo, a cire duk wata roba ko matata da ke bakinsa, a bar ruwan ya zuba minti 2 zuwa 3, sannan a tara. Kada a ɗauraye kwalbar, kada yatsa ya taɓa cikin marfi, kuma a bar sarari kamar santimita 2.5 a sama don a samu girgizawa. A rijiya ko kogi, a nutsar da kwalbar ƙasa da saman ruwan ba tare da ta taɓa laka ba. A ajiye cikin sanyi ƙasa da digiri 10, amma kada ya daskare. A fara aiki cikin awa 6. Abin da ya wuce awa 24 a sake ɗibo wani.

Tacewa da ƙirge

A ɗora matata mai faɗin milimita 47, mai ƙofofin maikuromita 0.45, a zuƙe mililita 100 ta cikinta. Ƙwayoyin za su tsaya a kai. A ɗauke ta da hantsaki da aka ƙona, a shimfiɗa a kan abincin ƙwayoyi cikin faranti, ana mirgina ta a hankali don kada iska ta maƙale a ƙarƙashi. Duk inda kumfa ya tsaya babu abin da zai tsiro. Kowace ƙwaya mai rai takan hayayyafa ta zama ɗigo da ido ke gani, shi ake ƙirgawa.

A kan abincin ƙwayoyi mai suna m-Endo, digiri 35 na awa 22 zuwa 24, dangin kolifom, wato E. coli da 'yan'uwanta, kan fito ja mai duhu da sheƙin ƙarfe kore-kore. A kan abincin m-FC, digiri 44.5 na awa 24, kolifom masu jure zafi kan fito shuɗi. Wannan zafin ba ya son sakaci: kuskuren da aka yarda da shi digiri 0.2 ne kawai, shi ya sa wankan ruwan ɗumi ya fi akwatin ɗumama na iska. In ya yi ƙasa, ƙwayoyin da ba na kashi ba su tsiro su kumbura lissafi. In ya yi sama, E. coli ɗin ta kasa tsirowa. Farantin m-FC da za a amince da ƙirgensa shi ne mai ɗigo 20 zuwa 60. Don haka ruwan da ake zargi a tace shi kashi-kashi, mililita 100, da 10, da 1. Idan mililita 10 ya ba da ɗigo 32, sakamakon 320 ne a mililita 100. Ruwa mai laka yana toshe matata. In haka ta faru, a koma hanyar kwalabe masu yawa ta MPN, wadda ake ƙiyasta yawan ƙwayoyi daga adadin kwalaben da suka tsiro.

Shuɗin ɗigo bai tabbatar da E. coli ba, domin wasu ƙwayoyin Klebsiella ma suna jure digiri 44.5. A tabbatar da gwajin indol, wani sinadari da E. coli ke fitarwa, a digiri 44. Akwai kuma giɓi da ya kamata mai bincike ya sani: E. coli O157:H7, mai sa gudawar jini, ba ta tsirowa da kyau a wannan zafin, kuma ba ta haskawa a gwajin MUG, wanda yawancin E. coli ke haskawa a cikinsa. Ana nemanta daban a kan abincin MacConkey mai sukarin sobitol, inda take fitowa ba launi.

Kwalara

Ƙwayar kwalara, Vibrio cholerae, tana son ruwa mai kaifin alkali, wato kishiyar tsami, da wannan ake rinjayar sauran ƙwayoyi. A tace lita guda ko fiye, a jefa matatar cikin ruwan fefton, abincin ƙwayoyi na ruwa, mai pH (ma'aunin tsami da alkali) 8.4 zuwa 8.6, a ɗumama a digiri 35 zuwa 37 na awa 6 zuwa 8. Kada a girgiza. A ɗebo daga sama-sama, inda take taruwa saboda iska, a shafa a kan abincin faranti mai suna TCBS. In an bar ruwan fefton ya kwana, sauran ƙwayoyi sun cim mata sun danne ta. Shi kuwa TCBS tafasa shi kawai ake yi, ba a turara shi a tukunya.

Washegari a nemi ɗigo rawaya, mai sheƙi, faɗin milimita 2 zuwa 4. Kore-kore galibi Vibrio parahaemolyticus ce. A nan masu gaggawa ke faɗawa rami: su ɗebo rawayan daga TCBS su yi gwajin oksides, na neman wani sinadarin numfashin ƙwaya, kai tsaye. Tsamin da ƙwayar ta fitar daga sukarin farantin yana ɓata gwajin. Dole a fara mayar da ɗigon kan abinci marar zaɓe, wanda ba ya danne wasu ƙwayoyi, ya kwana, sannan a gwada. V. cholerae tana ba da oksides, kuma in an cuɗa ta da sodiyam diyoksikolet mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari sai ta yi yauƙi, ta ja zare.

Ko an kai nan ba a gama ba. V. cholerae tana da rukuni fiye da 200, yawancinsu mazauna ruwa ne da ba sa tada annoba. O1 da O139 ne ke tada ita. Sai an haɗa ƙwayar da ruwan gwajin O1 da na O139 an ga ta dunƙule, sannan a nemi ƙwayar halittar dafin, ctxA, da gwajin PCR mai gano ƙwayar halitta. Sanar da kwalara a kan rawayan ɗigo kaɗai ganganci ne. A ruwa mai gudu, ƙullin bandeji da aka ɗaure a cikinsa na awa 24 zuwa 48 ya fi kwalba ɗaya kamu.

Salmonella da Shigella

Ƙwayar da ta sha rana da kulorin a raunane take, abinci mai zaɓe yana iya ƙarasa ta. A fara farfaɗo da ita a ruwan fefton, ba mai kaifin alkali irin na kwalara ba, na kimanin awa 18 a digiri 37, sannan a kai ta ruwan Rappaport-Vassiliadis a digiri 41.5. Amma mai neman Salmonella Typhi, ƙwayar taifod, ya sa ruwan selenait, domin ruwan Rappaport-Vassiliadis yana danne ta. A kan abincin XLD, Salmonella ja ce mai baƙin tsakiya, Shigella ja ce ba baƙi. Wata ƙwaya, Proteus, ma tana iya yin baƙin tsakiya. Gwajin yuriya ke raba su, Proteus tana narka shi, Salmonella ba ta yi. A kwalbar abincin gwaji mai suna TSI, Typhi ba ta fitar da iska, baƙinta ɗan siririn layi ne a inda aka soka. Shigella kuwa ba iska, ba baƙi, ba motsi. Samo Shigella daga ruwa yana da wuya ƙwarai. Rashin ganinta ba ya wanke ruwan. Salmonella tana da nau'i fiye da 2,500, sai ɗakin gwaji na musamman ke iya rarrabe su.

Sauran kowace da buƙatarta. Pseudomonas aeruginosa tana tsirowa a kan abinci mai setirimaid, tana yin kore-shuɗi, tana jure digiri 42. Campylobacter tana son iska mai oksijin kamar kashi 5 cikin ɗari. Legionella ba ta tsirowa sai a kan abincin BCYE mai sinadarin sistin, kuma ana jira har kwana 10.

Sanya wa ƙwaya suna

Kowane gwaji a yi shi ne da ɗigo guda da aka ware aka sake shukawa. Gauraye biyu kan ba da sakamakon da bai dace da kowace ƙwaya ba. A fara da rinin Gram: duk waɗanda aka ambata a sama ja-ja suke fitowa, sanduna, Vibrio da Campylobacter da lanƙwasa. Oksides ya raba su gida biyu: Vibrio, Aeromonas da Pseudomonas suna bayarwa, E. coli, Salmonella da Shigella ba sa bayarwa. Daga nan sai jerin gwaje-gwaje irin na API 20E, ko na'urar MALDI-TOF.

Na'urori ma suna da iyaka. MALDI-TOF ba ta iya raba E. coli da Shigella yadda ya kamata, haka ma karanta ƙwayar halittar 16S, saboda kusancinsu. Kamannin 16S da ya gaza kashi 98.7 cikin ɗari yana nuna watakila wani jinsi ne daban, amma wanda ya haura haka bai tabbatar da jinsi ɗaya ba ne; a nan sai a kwatanta dukan kundin halittar, inda iyakar jinsi take wajen kamannin kashi 95 zuwa 96. PCR kuma tana ganin gawar ƙwaya kamar yadda take ganin mai rai, don haka ruwan da kulorin ya riga ya tsarkake yana iya nuna akwai.

A kowane zagaye a tace ruwa marar ƙwaya a farko da ƙarshe, a kuma shuka sananniyar ƙwaya irin E. coli ATCC 25922. Idan farantin ruwa marar ƙwaya ya tsiro, a zubar da sakamakon zagayen duka. A rahoto a rubuta yawan ruwan da aka tace da hanyar da aka bi, misali "ba a samu ba a cikin lita 1". Ƙwayar da aka tabbatar a adana ta a gilisarol kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a digiri 80 ƙasa da sifili, farantan da aka gama da su kuma a turara su kafin su bar ɗakin.