Yadda Ake Riƙe Motar Gudu Mai Turbo a Zirga-zirgar Yau da Kullum a Zariya

Motoci irin su Golf GTI, Subaru WRX da BMW 335i suna iya kai mutum aiki da kasuwa shekara da shekaru, in ya san halinsu. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya fankar turbo, ita kuma ta cusa iska cikin injin don ya ƙara ƙarfi. Sandar da ke riƙe da fankar tana juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, zafin hayaƙin kuma yakan kusanci digiri 900. Baƙin mai ne kaɗai ke tsakanin wannan sanda da ƙarfen da take kwance a kai, shi ya sa za mu fara da shi.

Mataki na farko: baƙin mai. Ka sayi na sintetik zalla, mai lambar kauri 5W-40 ko abin da littafin motar ya ce, ka duba lambar amincewar kamfani a jikin galan: VW 502 00 ga yawancin Golf GTI, LL-01 ga BMW. In akwai tambarin API SP, wato wani matakin ingancin baƙin mai, ya fi, domin an tsara shi ya rage tashin wuta kafin lokaci a cikin silinda, matsalar da ke fasa fistin a injinan turbo masu fesa fetur kai tsaye. Tazarar juye mai da ke cikin littafin an yi ta ne don tuƙi a yanayi mai sauƙi da tsabtatacciyar iska. A nan ka juye kowace kilomita 5,000, ko wata shida, duk wanda ya riga, tare da sabuwar filta. Injin N54 na 335i yana cin lita 6.5, kuma ba shi da sandar awo, sai ta allon dashbod ake ganin yawan man. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi kada ya kusanci wannan inji, ko da kuwa don ciko ne.

Na biyu: tayarwa da kashewa. Da safe in ka tayar da motar ka ba ta kamar daƙiƙa 30, sannan ka tafi a hankali. Kada ka taka totur sosai sai bayan minti goma, domin allurar zafin ruwa tana riga baƙin mai hawa. Kashewa ta fi haɗari. In ka shigo daga Kaduna da gudu ka kashe inji nan take, man da ya tsaya cikin turbo zai ƙone ya zama gawayi ya toshe siririn bututun da ke kai mata mai. Ka sassauta tun daga Kwangila, in ka isa gida ka bar ta a sulo minti ɗaya zuwa biyu. Wanda kuma tafiyarsa ba ta wuce Tudun Wada zuwa PZ, injinsa ba ya yin zafin da zai kori raɓa da fetur ɗin da ke sulalewa cikin baƙin mai. Ya riƙa hawa babbar hanya sau ɗaya a mako, tafiyar rabin awa.

Na uku: fetur. Yawancin waɗannan injina an tsara su ne don mai mai oktan (ma'aunin juriyar fetur ga tashin wuta kafin lokaci) 95 zuwa 98, na gidajen man nan kuwa bai kai haka ba. Kwamfutar motar tana jin ƙwanƙwasar injin, wato ƙarar da irin wannan fetur ke jawowa a cikin silinda, ta rage masa ƙarfi don ta kare shi, amma kariyar tana da iyaka. Saboda haka kada ka matsa totur har ƙasa da tsakar rana a watan Afrilu, kuma kada ka ja ta a babbar giya alhali injin yana ƙasa da juyi 2,000 a minti ɗaya. Ka sauko giya ɗaya tukuna. Maganar sake wa kwamfuta tsari don ƙarin ƙarfi, a kan irin wannan fetur, ganganci ne. Injin EJ257 na WRX STI an san shi da tsagewar bakin fistin in ƙwanƙwasa ta yi yawa.

Na huɗu: ƙura. Da hunturu ka buɗe filtar iska duk mako biyu, in ta yi ja ka canza. Hura ta da iskar falkanaiza yana yaga takardar, ƙura ta wuce ta ci bakin fankar turbo. Ka wanke fuskar lagireto da na'urar sanyaya iskar turbo da ruwa mara ƙarfi.

Na biyar: ruwan lagireto. Ruwan famfo zalla yana kawo tsatsa, sai a zuba ruwan sanyaya inji irin wanda kamfani ya ce. Famfon ruwan 335i na lantarki ne, yakan mutu ba tare da gargaɗi ba. Na GTI kuma gidansa na roba ne, yakan fara ɗiga. Da zarar fitilar zafi ta kama, ka tsaya a inda kake.

Sai hanya. Motocin nan a ƙasa suke, don haka ka hau tudun rage gudu a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. Taya mai gajeren gefe ba ta yafe rami, rim ne ke lanƙwashewa. Da damina kada ka kutsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, in inji ya shaƙi ruwa sandunan fistin ne ke lanƙwashewa.

In ka ga shuɗin hayaƙi daga salansa, ko ka ji kuka kamar jiniya idan kana taka totur, ko ƙarfi ya ragu, ka kai ta wurin bakaniken da ke da na'urar karanta kwamfutar mota. Ka sa ya cire bututun iska ya taɓa sandar turbo da yatsa: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma in tana motsi gaba da baya ko fankar tana gogar bango, a canza ta tare da bututun manta kafin a sake tayar da injin.