Yadda na rage tsinin muryar jitata da farantin ƙarfe

Jitata ƙirar Stratocaster ce, da ita nake kiɗan biki a nan Katsina. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne fikof ɗin baya, wato maɗaukin sautin da ke kusa da gindin tsirkiyoyi. Muryarsa siririya ce, tana soke kunne, in kalangu ya shigo kuwa sai ta ɓace.

Da na buɗe jitar wani abokina ƙirar Telecaster, sai na ga farantin ƙarfe manne a ƙarƙashin nasa fikof ɗin. Ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa yana ƙara wa naɗin wayar da ke cikin fikof ƙarfi, ya sauko da tsinin sautin, murya ta yi kauri. Tagulla ba ta yin haka, dusashe tsinin kawai take yi.

Na je wajen wani maƙeri a Ƙofar Ƙaura, na ce, "Baba, a yanko mini falle mai kaurin milimita 1, daidai gindin wannan." Na goge tsatsar, na ɗora.

Ina ƙara murya sai amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ta kama kuwwa, saboda farantin yana rawa. Nan aikin yake. Na narkar da kyandir da ɗan kakin zuma, na shafa tsakanin farantin da fikof ɗin, na danne har ya sandare. Sannan na liƙa 'yar waya da dalma daga farantin zuwa wayar ƙasa (earth) ta jitar, gurnanin da ya rage ya ɗauke.

Ranar Asabar na gwada ta a wani biki a Daura, mai kalangu yana gefena, kuma ina jin kowace tsirkiya.