Kula da Babban Babur na Doguwar Tafiya a Zariya

Wanda ya sayi babban babur irin Honda VFR800 ya fara da juye baƙin mai da sauya matatarsa, domin maganar mai sayarwa cewa an riga an sauya su ba hujja ba ce. A Zariya ƙurar hunturu ce babbar matsala, saboda tana toshe matatar iska, tana kuma cakuɗewa da man sarƙa har ta cinye haƙoran da sarƙar ke hawa. A wanke sarƙar da kananzir, a shafa mata mai bayan kamar kilomita 500, sannan a gwada iskar taya da safe kafin a kama hanyar Kano ko Kaduna.

Wajen ƙarin kaya kuwa, taya mai inganci da birki su ne gaba. Salansa mai ƙara ta jira tukuna.