Kurakuran da sababbin 'yan golf ke yi a lissafin handikaf

Na gaji da maimaita magana ɗaya a gindin bishiya duk ranar Asabar, shi ya sa na ce bari in rubuta ta, wanda ya sake tambayata in tura masa ya karanta. Samarin da suka shigo golf a nan Katsina cikin 'yan shekarun nan suna da ƙarfi, suna da sanduna masu tsada, wasunsu ma bugunsu ya fi namu kyau. Amma da an zo maganar handikaf da lambobin da ke jikin kati, sai a shiga kallon-kallo. Kuskuren da wancan ya yi bara, shi wannan zai yi bana.

Na farko ba ya cin lokaci. Mu Katsinawa da ƙwallon dawaki muka tashi tun zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo, kuma a can mai babbar lamba shi ne gwani, daga −2 ake hawa zuwa 10. A golf abin a juye yake. Lambarka ita ce yawan bugun da ake yafe maka, iyakarta 54.0, gwani kuwa yana kusa da sifili. Don haka a daina zuwa ana gaya mini "nawa ya kai 28" da fara'a.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ɗaukar lamba ɗaya a riƙa yawo da ita gari-gari. Tun 2020, da hukumar R&A ta St Andrews da USGA ta Amurka suka haɗe tsare-tsare 6 suka zama ɗaya ga duniya duka, kowane ɗan wasa lamba biyu gare shi. Akwai indeks, mai ɗigo, kamar 18.0, wanda ke aljihunka duk inda ka je. Akwai kuma handikaf ɗin fili, wanda ba ya samuwa sai ka tsaya a wani fili, a kan wani ti, wato wurin da ake yin bugun farko na rami, ka haɗa indeks ɗinka da lambobin wurin, sulof da kimar fili, da zan yi bayaninsu a gaba. Da na biyun ake wasa. Lissafinsa bai fi na ɗan firamare ba: ka ninka indeks da sulof, ka raba da 113, sannan ka ƙara bambancin da ke tsakanin kimar fili da far, far kuwa shi ne bugun ƙa'idar filin.

Ga misali da lambobin da na zaɓa don a gane. Mai indeks 18.0, a fili mai far 72, kima 68.5, sulof 110: 18 sau 110 a raba da 113 ya ba da 17.5, a cire 3.5, saura 14. Shi ɗin dai ya je fili mai far 72, kima 73.5, sulof 135: lissafi ya ba da 21.5, a ƙara 1.5, ya zama 23. Mutum ɗaya, sanduna ɗaya, bugu 9 a tsakani.

Irin wannan bugu 9 ɗin ne ya taɓa cinye mu. An gayyace mu Abuja wasan rami-rami, inda ake ƙirga ramukan da kowa ya ci, mutum da mutum, ƙungiya da ƙungiya. Na dage sai an sa ɗan ƙanwata, saboda yaron a lokacin hannunsa ya faɗa, har na sa aka ajiye wani dattijo da ya fi shi daɗewa a cikinmu. Man mota, masauki, kuɗin shiga, duk a kaina. Ni ina rukunin gaba. A kan ti na farko abokin karawarsa, wani babban mutum mai fara'a, ya ce masa, "Ɗana, nawa ne naka?" Ya ce, "Sha huɗu, Yallaɓai." Mutumin ya faɗi nasa na filin, 12. Aka ba yaro bugu 2. Haƙƙinsa a wannan fili 23 ne, wato bugu 11 ya kamata ya karɓa. Ya yi ta fama da ruwa da doguwar ciyawa har rami na 17, can aka gama da shi, kuma da wasansa aka rinjaye mu. Sai a hanya, mun wuce Zariya, na ce, "Kai, bugu nawa aka ba ka ne?" Da ya faɗa sai da na gangara gefen titi na tsaya. Ya ce, "Kawu, ai da shi nake bugawa kullum a gida." Ba wanda ya cuce shi. Doka ta ce wanda ya faɗi handikaf ƙasa da nasa a wasan rami-rami, bai gyara ba har abokin karawa ya yi bugu na gaba, to da shi zai ƙarasa. Wanda kuwa ya faɗi sama da nasa har ya shafi rabon bugu, korarsa ake yi. Dattijon da aka ajiye har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni labarin Abuja, kuma yana da gaskiya.

Tun daga nan ba na shiga mota da kowa sai na ga lissafinsa a rubuce. In za mu baƙon fili, tun daren tafiya nake neman hoton katinsu, in fitar da handikaf ɗin kowa, in rubuta a 'yar takarda in manna a jikin jakarsa da salatif. Wasu na cewa na cika tsanani, wai ai akwai allo a kulob, akwai manhaja a waya. Akwai. Amma na ga mutum ya tsaya gaban allon yana karanta layin farin ti alhali a shuɗi zai buga. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma kowane ti a fili ɗaya da kimarsa da sulof ɗinsa, na maza daban, na mata daban.

Sai masu ɗaukar sulof a matsayin ma'aunin wuyar fili. Ka ji yaro yana cewa, "Filin nan 135 ne, ya fi wancan mai 125 wuya." Ba lallai ba. Lambar da ke faɗin wuya ita ce kimar fili, wato bugun da ake sa ran gwani mai sifili zai yi a rana ta yau da kullum. Masu awo na hukumar ƙasa suna taka filin rami-rami da mutum biyu a zuciyarsu. Ɗaya gwani ne, bugunsa na farko yadi 250, yana kai 470 a bugu biyu. Ɗayan matsakaici ne mai handikaf wajen 20, yadi 200 a bugun farko, 370 a biyu. Sai su duba inda ƙwallon kowanne ke sauka da abin da ke jiransa a wurin: faɗin hanya, tsawon ciyawar gefe, bishiyoyi, ramukan yashi, ruwan da za a tsallake da wanda ke gefe, girman wurin rami da santsinsa, tudu da gangara, har da fargabar da rami ke sa wa mutum. Abubuwa 10 ne. Tsawon fili ma ba yadin tef kaɗai ake ɗauka ba, ana duba gudun ƙwallo a ƙasa, da iska, da tsayin gari, don ƙwallo a Jos da ke sama da mita 1,200 ta fi tafiya a sama. Sulof kuwa tazarar da ke tsakanin mutanen nan biyu yake aunawa. A wajen maza ana ninka tazarar da 5.381, sakamakon yana faɗawa tsakanin 55 da 155, shi kuma 113 shi ne mizani. To fili mai kima 74 da sulof 125, matsakaici zai yi wajen 97 a cikinsa. Mai kima 69 da sulof 135, wajen 94. Na farkon ya fi wuya ga gwani da matsakaici duka, ga shi sulof ɗinsa ya fi ƙanƙanta.

Daga wannan rashin fahimta ne ake samun mai dawowa daga tafiya yana jin kunyar 90 ɗin da ya yi, yana alfahari da 84 na gida. A filaye biyun misalin farko, mai kima 68.5 da mai 73.5, 84 na gida yana shiga littafi a matsayin 15.9, shi kuwa 90 na can 13.8 yake zama. Wasan da yake ɓoyewa ya fi wanda yake tallatawa.

Maganar ɓoyewa ta kawo ni kan abu na biyu da ba na iya yin shiru a kansa. Indeks matsakaicin wasanni 8 ne mafiya kyau cikin 20 na ƙarshe. Ashirin na ƙarshe, ba ashirin da ka ga dama ba. Mu nan ƙasarmu fuska biyu gare ta. Daga hunturu zuwa bazara ta bushe ƙamas, ƙwallon da ta sauka a yadi 180 sai ka tarar da ita ta wuce 200 da ɗoriya, tana ta gudu cikin ƙura, kowa ya zama jarumi. Damina na sauka ciyawa ta tashi, ƙwallo ta tsaya inda ta faɗi, sandar da ke kai ka rami a Fabrairu ta bar ka a hanya a Agusta. To akwai waɗanda katinsu ba ya fitowa sai da rani. Da damina in sun yi 99, sai kati ya shige aljihun baya, a ce "yau motsa jiki kawai na zo." Me ka yi ke nan? Ka hana sababbin wasanni su ture tsofaffin, ka zauna da lambar da ba taka ba don a ce da kai gwani. In kai kaɗai abin zai ci, da sauƙi. Amma ranar wasan ƙungiya abokinka ne zai ɗauki nauyin bugun da ka yar, kuma na sha zama wannan abokin.

Na ɗaya gefen ya fi muni, mai ɓoye kyakkyawan kati don lambarsa ta kumbura ya zo ya kwashe kofi. Wannan cin haƙƙin mutane ne, ban san wani suna da zan ba shi ba, kuma ba ya zama halal don an yi shi da wando fari da hular rana. Tsarin ma ya san da irinsa. Ana riƙe mafi ƙanƙantar indeks ɗinka na kwana 365 da suka wuce. In ka haura shi da fiye da 3.0, abin da ya ɗoru a kai rabi ake ƙirgawa, in ka kai 5.0 an rufe ƙofa. Ranar da kuma ka buga 7.0 ƙasa da indeks ɗinka, a zaftare maka 1, in ya kai 10 a zaftare 2. Amma lissafi ba ya ganin katin da ba a kawo ba. Shi ya sa a rukunina ba mai taɓa ruwan sanyi sai kati ya zo hannuna, an sa hannu, na ɗauki hotonsa na jefa a zaurenmu na WhatsApp. Ba na kuma sa hannu a kan ramin da ban gani da idona ba, ko na Alhaji wane ne. An yi fushi da ni a kan haka, an kuma huce.

A kawo kati ranar da aka buga. Akwai gyaran yanayin rana da ake yi daga −1 zuwa +3 in iska ko ruwa sun dagula wasa ga kowa, amma ba ya aiki sai an sami kati 8 a ranar daga masu indeks 36.0 zuwa ƙasa. Mu da ba mu da yawa, mutum biyu su tafi gida da katinsu a ranar da ƙurar hunturu ta hana ganin tuta, sun hana sauran haƙƙinsu.

Rami ɗaya da ya lalace ba ya rusa handikaf. Abin da ake ƙirga maka bai wuce far, da 2, da bugun da kake karɓa a ramin ba. A rami mai far 4 da kake karɓar bugu 1, ko 11 ka yi, 7 zai shiga. In ba gasar ƙirga bugu ake yi ba, ka ɗauki ƙwallonka a 7 ka ba na baya hanya, magariba ba ta jiran kowa. In gasa ce, ka ƙarasa ka rubuta 11 ɗinka, gyaran na mai lissafi ne.

Lambar 1 zuwa 18 da ke gefen kowane rami tana nuna inda za ka karɓi bugu ne, ba ruwanta da kimar fili. Wasan rami 9 yana shiga lissafi, a daina yar da katinsa. Sabon shiga rami 54 kawai yake buƙata ya sami indeks, ba sai ya shekara yana cewa "ban isa ba tukuna." A gasar ƙirga bugu ta mutum ɗaya kashi 95 cikin 100 na handikaf ɗin fili aka saba ba da wa, don haka mai 23 in ya ga 22 a takarda kada ya je yana yi wa sakatare hayaniya. Kuma wanda ke baƙin ciki don bai buga daidai da handikaf ɗinsa ba duk mako, ya sani daga mafiya kyawun wasanninsa aka ciro lambar, kusan sau ɗaya cikin biyar ake cim mata.

Saura filin da ba a auna ba, ko ti ɗin da kadi, mai ɗaukar jakar sanduna, ya matsar gaba sosai don ana gyaran wuri. In kati ba shi da kima da sulof, makin ba ya shiga indeks, kuma kada wani ya ari lambobin filin wani gari ya liƙa masa don su ma far 72 ne. Na ga an yi. Ni irin waɗannan wasanni ina da littafin 'yan makaranta mai layi da nake zuba su, da kwanan wata da yanayin ƙasa, rani ko damina, don in san inda hannuna yake. In an matsar da ti kuwa, kafin in buga nake tambayar mai kula da fili yadi nawa aka rage, in rubuta a bayan kati, in bar wa kwamiti su yanke.