Dabarar hana kaji tsallake danga

Jama'a, idan kajinku suna tsallake danga, ku sa almakashi ku rage dogayen gashin fiffike ɗaya kawai, ku bar ɗayan.

Kazar da fiffikenta ɗaya ya gajarta ba ta iya tashi daidai, sai ta karkace ta sauko. Na gwada a gidanmu da ke Daura, bayan wata kazata ta addabi maƙwabta da tonon alayyafonsu.

Ku yi aikin da daddare, lokacin da suka natsu a akurki, kuma ku guji sabon tsiro domin akwai jini a cikinsa.

Idan sun zubar da gashi sabo ya fito, sai an maimaita. Wadda kuwa ke kurɗawa ta ƙarƙashin zana, sai an toshe mata kafar da duwatsu.